Ranar da Na So In Ci Abinci Ni Kaɗai

Tun ina makarantar kwana nake son wasan kwaikwayo na dandamali, irin wanda za ki zauna ki ga ɗan wasa yana gumi a gabanki, ba ta cikin talabijin ba. Da na yi aure na kama aikin koyarwa, 'ya'ya suka zo, sai abin ya fice daga rayuwata ban ma lura ba. Ga kuma shekarun tashin hankalin da garinmu ya shiga, waɗanda ko gidan biki sai mutum ya yi tunani kafin ya je, balle kallon wasa. Shi ya sa ranar da wata abokiyar aikina ta ce mini ɗaliban wata babbar makaranta za su yi wasa ran Asabar bayan la'asar, kuma kowa na iya shiga, ban bari ta rufe baki ba na ce zan je.

Ita ba za ta samu zuwa ba, ana suna a gidan ƙaninta. Maigidana, wanda sana'arsa saye da sayar da shanu ce, ya tafi cin kasuwar ƙauye, sai Lahadi zai dawo. Ko yana gari ma ba zuwa zai yi ba, don shi a wurinsa wasan kwaikwayo aikin waɗanda suka rasa abin yi ne. Yara kuwa sun girma. Babbar tana ɗakin mijinta a Maisandari, sauran suna karatu a wasu garuruwa. Ni kaɗai ce a gidan.

A nan wani tunani ya zo mini: tunda zan fita, me zai hana in ci abincin rana a waje kafin wasan? Shekara da shekaru ina girki, amma ban tuna ranar da na fara cin abinci har na gama ba tare da wani ya ce in miƙo yaji, ko in ƙara miya, ko in tashi an yi baƙi ba. A makaranta ma haka ne, kina kai loma baki za a turo ki raba faɗa. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba. In zauna a kujera, a kawo mini abincin da ba ni na yanka albasarsa ba, in ci a hankali ina kallon titi, kada kowa ya kira ni.

Na gaya wa maigidana a waya. Ya yi dariya ya ce, "Tukwanen gidan ne suka fashe?" Da ya ji da gaske nake, ya ce in je, Allah Ya kiyaye hanya.

Sai kuma na nemi shawara a ɗakin malamai, abin da har yau nake mamakin me ya kai ni. Tambaya ɗaya na yi, wane gidan abinci ne mai kyau a cikin gari, amma sai da aka cinye lokacin hutun tara a kanta. Wannan ta ce wuri kaza, waccan ta ce ai man girkinsu tun na bara ne. Wata ta ce a nan aka taɓa ba mijinta kaza mai ɗanyen ciki. Daga ƙarshe wata malama da ta girme mu duka ta sauke tabaraunta ta dube ni.

"Wai ke da wa za ku je?"

Na ce, "Ni kaɗai."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau."

Ba ta yarda ba. Har aka kaɗa ƙararrawa tana bi na da kallon tausayi. Wata kuma ta ce in dai rashin 'yar rakiya ne, ita za ta iya ɗage wankinta. Da ƙyar na zame.

Na bar shawararsu, na zaɓi wani sabon wuri mai bangon gilashi da nake hangowa daga cikin keke duk lokacin da zan shiga gari daga Bulumkutu. Na sha ganin wani ɗan tebur a jikin taga, mai kujera biyu, na kuma sha cewa a raina wata rana zan zauna a can.

Ran Asabar na yi azahar, na ɗaura laffayata mai ruwan toka wadda ba na sa wa sai da dalili, na tari keke.

Da na tura ƙofar wurin, sanyin na'ura ya buge ni, na ji daɗi har cikin raina. Wani ma'aikaci mai jar hula ya taho da fara'a.

"Sannu da zuwa, Hajja. Ku nawa ne?"

"Ni ce."

Ya leƙa bayana, ya dubi ƙofa. "Sauran suna hanya ke nan?"

"Babu sauran."

Sai ya ce in biyo shi. Ya wuce da ni ta gaban teburin tagar nan, wanda ba kowa a kai, ya ɗaga wani labule ya nuna mini wani ƙaton tebur da zai ɗauki gida guda. Wurin iyali ke nan, in ji shi. Babu taga, ga ƙofar kicin a gefe tana buɗewa tana rufewa, ga wurin wanke hannu yana ɗiga. Na ce masa wancan na bakin taga nake so.

"Can maza ne ke zama, Hajja. Ba za ki sake ba."

"Akwai wanda ya kama shi?"

"Babu."

"To can zan zauna."

Ya kai ni, amma fuskarsa ta nuna in wani abu ya faru babu ruwansa. Ya miƙo mini takardar abinci mai shafuka da yawa, da hotuna masu sa yawu ya tsinke. Na nuna gasasshen kifi. Ya ce kifi bai iso ba. Na nuna farfesun kayan ciki. Ya ce sai da yamma. Na nuna sinasir da miyar taushe, ya ce mai yin sinasir ɗin ta yi tafiya. Na rufe takardar na ce ya gaya mini abin da ke akwai, mu huta. Ya ce dafa-duka da kaza. Dafa-duka kuwa ita na ci jiya da dare, ragowarta ma tana cikin firijina.

Ina sake buɗe takardar, ko zan ga wani abu da bai ƙare ba, sai na ji sallama a kaina. Wani Alhaji ne, abokin cinikin maigidana, wanda suka daɗe suna haɗa shanu a mota ɗaya zuwa kudu. Mutumin kirki ne, ba na musu. Muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi makaranta, ya tambayi zafi. Sannan ya dubi kujerar da ke gabana.

"Maigidan ai yana ƙauye."

"Yana can."

"To wa ake jira?"

"Ba kowa, Alhaji. Abinci na zo ci."

Ya gyara hularsa. Sai ya sunkuyo ya rage murya, kamar mai gaisuwar mutuwa. "Hajja, mu fa ba baƙi ba ne. In wani abu ne ya faru a gida, zaman nan ba shi ne magani ba. Ga uwargidana can a gida, ki je ku zauna, in ya dawo ni da kaina zan yi masa magana."

Na ce masa babu abin da ya faru, wasan kwaikwayo zan je kallo, na ga gara in ci abinci tukuna. Ban taɓa ganin bayani ya ƙara ɓata magana kamar wannan ba. Ya maimaita "wasan kwaikwayo" a hankali, ya gyaɗa kai, ya kira mai jar hula ya ce a zuba mini abinci a leda in tafi da shi gida. Na ce ba na so. Ya ce ai ba komai, shi zai ji da shi. Na ce ba wannan ba ne. Bai saurare ni ba, ya riga ya zaro waya ya nufi waje. Mutanen teburin kusa sun bar kallon ƙwallon da ake nunawa sun koma kallona. Na ɗauki jakata na fita ta gefensa yana magana.

Ban daɗe a cikin keke ba wayata ta yi ƙara. Maigidana ne, ina jin kukan shanu a bayansa.

"Ke, me kika yi wa Alhaji? Ya ce ya same ki kin haɗa kai da tebur kina share hawaye."

"Takardar abinci nake karantawa! Ba ni da tabarau ne!"

Dariya ta hana shi magana. Na kashe wayar.

Na ce wa mai keke ya kai ni wani wuri da muka taɓa cin denderu, naman nan da ake turarawa da kayan ƙamshi har ya saki ƙashi, lokacin da aka yi wa wata malamarmu walimar ritaya. Muka isa muka tarar an kafa rumfuna har bakin titi, makaɗa suna gwada lasifika. Mai gadi ya ce yau an kama wurin gaba ɗaya, biki ake yi, amma in ina da katin gayyata in shiga. Mai keke ya juyo ya ce, "Hajja, ki shiga mana, wa zai tambaye ki? Abinci ma kyauta." Na ce ya ja mu je Kasuwar Litinin.

A bayan kasuwar, cikin wani lungu da ke bayan masu sayar da atamfa, akwai wata dattijuwa Babarbariya da ke sayar da burabusko. Hajja kowa ke ce mata. Na daɗe ina sayen abincinta, duk ranar da aiki ya sha kaina nakan biya da kula ta cika mini in kai gida. Burabuskonta wara-wara yake, miyar yakuwarta kuma ban san wanda ya kai ta ba a garin nan. Ban sa ta cikin lissafina da farko ba saboda rumfarta ba ta da taga, ba ta da sanyin na'ura, benci ne kawai da 'yan kasuwa ke cika shi. Amma yunwa ta fara cin ƙarfina, rana kuma ta fara karkata.

Tana hango ni ta washe baki, ta gaishe ni da Barbarci. "Wushe, wushe, Malama! Ina kular?"

"Yau babu kula, Hajja. A nan zan ci."

Ta tsaya da ludayi a hannu. "A nan? Ke?"

Ta dubi bencin da maza suka cika, ta dubi laffayata, ta girgiza kai. Ta ja hannuna ta kai ni wani ɗan ɗaki a bayan rumfar, inda take salla take kuma ajiye buhunan gero. An share shi tas, ga tabarma, ga 'yar fanka mai caji tana juyawa, hayaniyar kasuwa ma can nesa ake jin ta. Ta kawo kwano shaƙe da burabusko, miya tana tururi, da tsokar nama a kai, ta ajiye mini ruwan tsamiya mai sanyi, ta saki labule ta fita.

Na wanke hannu. Na yi bismilla na kai lomar farko. Tsamin yakuwar ya ratsa ni, na lumshe ido na ce alhamdu lillahi, ashe nan ne wurin tun farko. Na kai ta biyu.

Labule ya ɗaga. Hajja ce, tana yarfe ruwa daga hannunta. Ta zauna a gabana da ƙyar, tana dafa gwiwa, ta jawo kwanon tsakiyarmu.

"Na bar wa 'yar'uwata rumfar," in ji ta. "Zuciyata ta ƙi. Ina can ina zuba wa mutane, ina tuna kina nan ke kaɗai kamar wadda ba ta da kowa a duniya. Haram. Ci mu ci."

Me zan ce? Matar nan a haife ta haife ni. Ta bar cinikinta a lokacin da ya fi tafiya don kada in yi kaɗaici. Da rashin kirki ta yi mini, da na san abin da zan yi. Na ce, "Na gode, Hajja," na matsa mata.

Muka ci, ita kuma tana magana. Ta ba ni labarin gwiwarta tun daga ranar da ta fara ciwo, da allurar da aka yi mata, da man da wata Bashuwa ta kawo mata wanda ya fi allurar aiki. Ta ba ni labarin ambaliyar nan da ta shiga kasuwa, yadda ruwa ya tafi da tukwanenta, da yadda ta tsinci babbar a wani lungu ta lotse. Tana yi tana turo nama gabana. In na rage hannu sai ta ce, "Ci! Kin rame. Makaranta ta shanye ki." Da kwanon ya yi rabi ta ƙwala kira aka ƙaro. Na ce na ƙoshi, ta ce ƙoshin 'yan boko ba ƙoshi ba ne.

Daga nan ta gangaro kan jikarta da ba ta jin lissafi. Ta tambaye ni ko a canja mata makaranta, ko a samo mai koya mata a gida, ko kuwa malamin ne ba ya son ta. Na tsinci kaina, da miya a hannu, ina yin bayanin da nake yi wa iyayen yara tun Litinin har Juma'a.

"To yanzu daga nan sai ina?" ta tambaya.

Na gaya mata.

"Wasan yara za ki je kallo? Da girmanki?" Ta yi dariya har tana tari. "Ku malamai Allah Ya shirye ku."

Aka kira la'asar. Muka yi salla a ɗakin, na sallame na miƙe da sauri, don an ce da an idar za a fara. Hajja ta riƙe gefen laffayata ta shinshina. Ta ce ba za ta bari in shiga cikin mutane ina warin daddawa ba, a ce daga wurinta na fito. Ta sa aka ɗebo garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta, ta ce in tsaya a kai. Na tsaya hayaƙi yana shiga ta ko'ina, ina kallon agogo, ita kuma tana cewa in juya, bayan bai kama ba.

Fita daga kasuwar a wannan lokaci sai wanda ya gani. Masu kura, masu keke, motocin hatsi, kowa ya cusa kai ba mai ja da baya. Cikina ya cika har numfashi yana yi mini wuya, gumi ya haɗu da turare, ni kuma sai faɗa nake yi wa mai keke kamar shi ya tara mutanen. Da muka isa makarantar na sauka tun daga bakin ƙofa, na bi inuwar itatuwan dogon yaro kusan da gudu, na hau matakalar zauren ina haki, ina shirya haƙurin da zan ba waɗanda zan tsallake.

Babu wanda zan tsallake. Zauren kusan wayam yake. Mutane ƙalilan ne a warwatse suna danna waya, wasu ɗalibai kuma suna kan dandamali suna buga ƙusa a jikin wani katako. Na tambayi wani da ke jera kujeru ko an ɗage wasan ne. Ya ce a'a, babban baƙo ake jira.

Na zauna. Na gaji da zama na fito shan iska. A gefen zauren, ƙarƙashin wata bishiya, sai ga wata mata tana gasa kifi a kan waya, da ɗan bencinta guda. Wata mace tana zaune a ƙarshen bencin ita kaɗai, ta baje kifinta a takarda, tana ci tana kallon hanya. Mai kifin ba ta ce mata komai ba, masu wucewa ma ko kallonta ba su yi. Na tsaya ina dubanta, ƙamshin yana dukan hancina, amma ko tsinken kifi aka ba ni a lokacin babu inda zan sa shi. Na koma ciki raina a ɓace.

Babban baƙo ya iso rana ta yi ja. Aka yi addu'a, aka gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya tashi ya ɗaga hannu. Shugaban taro ya ce ba zai tsawaita ba, ya tsawaita. Babban baƙon ya yi jawabi a kan muhimmancin kiyaye lokaci ga matasa. Wani dattijo da ke kusa da ni ya yi tsaki da ƙarfi har aka waiwayo.

Da aka buɗe labule kuwa, wasan ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Labarin wasu maƙwabta biyu ne da ke rigima a kan magudanar ruwan da ta ratsa tsakanin gidajensu, kowa na cewa ta ɗan'uwansa ce in ta toshe, tasa ce in an zo gyara. Wata ɗaliba ta fito a matsayin tsohuwar da ke kai gulma tsakanin gidajen biyu, ta shafa toka a gira, tana tafiya tana dafa ƙugu, tana juya harshe daga Hausa zuwa Barbarci duk lokacin da za ta yi zagi. Na yi dariya har cikina da ya cika ya fara ciwo. Dattijon nan ma ya manta da tsakinsa, yana buga sandarsa a ƙasa.

Ana tsakiyar wurin da maƙwabtan suka gurfana gaban mai unguwa, tsohuwar kuma an kira ta shaida, sai aka kira magariba. Babban baƙo ya tashi, mutanensa suka tashi, layin gaba ya watse. Mai gabatarwa ya hau dandamali ya karɓi makirufo, ya ce saboda ƙurewar lokaci za a tsaya a nan, amma a taƙaice daga ƙarshe an sasanta, kuma darasin shi ne a zauna lafiya da maƙwabci. 'Yan wasan suka tsaya cirko-cirko a bayansa da kayan wasa a jikinsu.

Bayan na yi salla a masallacin mata na makarantar, na ga ɗalibar nan a bakin famfo tana wanke tokar girarta. Na matsa na ce mata ta yi ƙoƙari ƙwarai, sannan na tambaye ta abin da tsohuwar za ta faɗa a gaban mai unguwa.

Ta ce, "Mama, ai nan ne wurin da ya fi daɗi. Ita ce take toshe magudanar da dare, don in sun shirya ba ta da gidan zuwa hira." Ta share fuska da gefen mayafinta. "Tun farkon zango nake haddace wurin nan."

Na ce in sun sake sa rana ta aiko a gaya mini, na faɗa mata makarantar da nake koyarwa. Ta ce to, in an ba su zauren. Na fita bakin titi neman keken Bulumkutu.